Nagoya, Inda Ma'aikaci ke Riƙe da Fensir

Mu mutanen Illela mun san Toyota tun kafin mu san inda Japan take a taswira. Ranar Lahadi, idan kasuwa ta cika ta batse, tsaya bakin hanyar da ta fito daga Ƙonni ka ga tsofaffin Hilux da Hiace birjik, wasu sun girmi direbobinsu, an lafta musu awaki da buhunan wake da albasa har sun durƙusa, amma suna tafiya. Direbobinmu sukan ce ƙarfen Japan ne daban. Da Allah ya nufe ni da zuwa Nagoya, cikin wata tawagar horo ta ma'aikatan masana'antu da malaman sana'a daga ƙasashen Afirka, sai na tarar maganar ta wuce ƙarfe. Fensir ne da takarda, da kuma wanda aka yarda ya riƙe su.

Hanyar doguwa ce, ba zan gajiyar da mai karatu da ita ba: ta Gwadabawa da Kware zuwa Sakkwato, jirgi zuwa Abuja, daga can Addis Ababa, sannan Tokiyo. Jirgin ƙasan nan mai gudu, Shinkansen, wanda ya fara aiki a watan Oktoba na 1964, shi ya kwashe mu zuwa Nagoya, fiye da kilomita 300, cikin awa ɗaya da minti arba'in. Gudun abin kallo ne, amma wata magana da tafintanmu ya yi ta fi zauna mini. Ya ce kamfanin yana rubuta jinkirin kowane jirgi, ya haɗa na shekara ya fitar da matsakaici ya buga wa duniya, kuma a 'yan shekarun nan bai kai minti biyu ba, har da ranakun guguwa da ruwan sama a cikin lissafin. Mutanen nan sun san jirginsu yana latti, sun kuma san da nawa.

A unguwar Nishi ta Nagoya akwai wani gini na jan bulo, wurin da Sakichi Toyoda ya kafa masaƙarsa a 1911, aka mayar da shi gidan tarihi a 1994. Wanda ya shiga da zumuɗin ganin motoci, auduga da zare zai fara cin karo da su, domin gidan Toyoda masaƙa ne kafin su zama maƙeran mota. Aka tsayar da mu gaban injin saƙar da ake kira samfurin G, na 1924, wanda har yau yana aiki. Wata ma'aikaciya ta tada shi, ƙoshiya ta shiga kaiwa da komowa, ido ba ya iya bin ta. In zaren cikinta ya ƙare sai wata ƙoshiyar ta maye gurbinta, injin bai tsaya ba. Can sai matar ta sa yatsa ta tsinke zare ɗaya tak a cikin zaren tsaye fiye da dubu. Nan take injin ya yi tsit. Ta yafito mu muka leƙa. Kowane zare an rataya masa siririn fallen ƙarfe. Muddin zaren yana miƙe, fallen yana sama, da ya tsinke sai fallen ya faɗo ya tare wata sanda mai motsi, komai ya tsaya. Babu kwamfuta a dabarar, nauyin ƙarfe ne kawai da wayon mutum. Kafin a samu irin wannan, sai mutum ya tsare inji da ido, in ya yi gyangyaɗi a saƙa yadi mai tsawo da aibi a jikinsa. Da samfurin G ma'aikaci ɗaya yakan kula da inji talatin ko fiye. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da ta koya wa duniya saƙar inji, ya sayi haƙƙin ƙera shi kan fam 100,000. Ɗan Sakichi, Kiichiro, shi ya buɗe sashen mota a 1933, kamfanin Toyota ya tsaya da ƙafafunsa a 1937.

Na daɗe a tsaye a wurin. Abin da injin ke faɗa a fili yake: in aibi ya ɓullo a tsaya yanzu, kada a bari sai an gama a zauna ana tsince.

Sai dai zaren da ya tsinke kowa na ganinsa. Aibi mai wuyar kamu shi ne mai shigowa a hankali, yau kaurin gashi, gobe gashi biyu, ba a ankara ba sai kaya ya dawo daga hannun mai saye. Ikon Allah, a cikin shekarar nan ta 1924, ranar 16 ga Mayu, wani masanin kimiyya a Amurka mai suna Walter Shewhart ya miƙa wa shugabansa a kamfanin Western Electric, masu ƙera kayan tarho, wata takarda shafi ɗaya da ɗan zane a jiki. Ya ce babu abu biyu da za su fito daga inji ɗaya su zama daidai wa daida, bambanci dole ne. Amma bambancin iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda ƙananan dalilai barkatai ke haɗuwa su haifar, ba ka iya nuna ɗayansu da yatsa. Akwai kuma wanda dalili guda ya kawo: wuƙar inji ta dakushe, ko an canza mai kawo ƙarfe, ko sabon hannu ya karɓi aiki. Zanen nasa layi uku ne a kwance. Na tsakiya shi ne matsakaicin awon da aka yi ta yi. Na sama da na ƙasa iyakoki ne da ake lissafowa daga awon kansa, manaja ba shi da ta cewa a kansu. Muddin ɗigon awo yana yawo tsakanin iyakokin, a bar inji ya yi aikinsa. Ranar da ya tsallake, ko ɗigo bakwai ko takwas suka jeru a gefe ɗaya, to akwai magana, a tashi a bincika. An sa iyakokin a inda, in komai lafiya lau, da wuya ɗigo ya fita, abin bai wuce uku cikin dubu ba.

Malaminmu dattijo ne da ya yi ritaya daga wata masana'antar kayan mota. Bai fara mana da lissafi ba. Ya shigo da akwati cike da 'yan duwatsu irin na carbi guda 4,000, farare 3,200, jajaye 800, da wani ɗan katako mai ramuka hamsin. Ya ce darasin na W. Edwards Deming ne, shi aro ya yi. Ya zaɓi mutum shida a cikinmu ya ce mu ne ma'aikata, aikinmu mu tsoma katako mu fito da farare zalla, ja aibi ne. Ya naɗa masu dubawa, ya naɗa magatakarda. Na tsoma na fito da ja bakwai, ya ce a tafa mini. Wani ɗan'uwa daga Ghana ya fito da goma sha huɗu, dattijo ya haɗe rai ya ce wannan gargaɗi na farko ke nan. A zagaye na biyu na kwaso goma sha uku, ɗan Ghana ya samu shida. Malam ya ce, "Kun gani ko? Wanda na yaba ya sakankance, wanda na yi wa faɗa ya gyaru." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin babu wanda bai taɓa jin wannan magana daga bakin wani shugaba ba. Da aka gama sai ya ja layi uku a allo: matsakaici wajen goma, iyakar ƙasa kusa da ɗaya, ta sama kusa da goma sha tara. Ya ɗiga abin da kowa ya samu, duk suka faɗa ciki. Babu gwani a cikinmu, babu rago. Jajayen suna cikin akwatin tun kafin mu zo, kuma mai akwatin ne kaɗai ke da ikon cire su.

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Yara nawa na gani an sallama daga wurin buga bulo, ko gidan burodi, ko injin casar shinkafa, saboda kaya ya fito ba kyau, alhali yashin ne ke da laka, ko fulawar aka canza, ko wuta ce ke zuwa rabi-rabi? Deming ya yi ta nanatawa har ƙarshen rayuwarsa cewa mafi yawan aibi daga tsarin aiki yake fitowa, tsari kuwa a hannun masu gida yake.

Shi Deming a wurin Shewhart ya sha wannan karatu. Ya fara zuwa Japan a 1947 don taimakawa wajen shirin ƙidayar jama'a, ƙasar tana cikin tokar yaƙi. Nagoya kanta an ƙone ta da bama-bamai a 1945, har da tsohuwar fadarta. A zamanin, in an ce kaya ƙirar Japan ne, ana nufin ba ya ƙarko. A watan Yuli na 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyi ta Japan, JUSE, ta shirya masa darasin kwana takwas a Tokiyo, ya kuma zauna da manyan masu kamfanoni ya gaya musu cewa nauyin a wuyansu yake, kada su tura wa injiniyoyi su koma ofis. Kuɗin da aka samu daga buga darussan ya bar wa ƙungiyar, da su aka kafa lambar yabo mai sunansa a 1951. Ƙasarsa Amurka ba ta waiwaye shi sosai ba sai a 1980, bayan motocin Japan sun cika titunanta, lokacin da gidan talabijin na NBC ya yi shiri a kan lamarin, shi kuwa yana dab da shekara tamanin.

Inda na ga abin da idona yana aiki, wata ƙaramar masana'anta ce a yankin Kariya, kudu maso gabas da Nagoya, masu ƙera wasu 'yan sandunan ƙarfe da ake kai wa manyan kamfanonin kayan mota. Wata mata, da ganinta ta yi jika, ita ke kula da injuna uku. Da awa ta cika sai ta ɗauki sanda biyar da suka fito a jere, ta goge su da ƙyalle, ta sa kowace a bakin ma'aunin kauri mai karanta kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ta rubuta, ta haɗa ta raba biyar, ta ɗiga a takardar da ke maƙale a jikin injin. Fensirin an ɗaure shi da igiya don kada ya yi ƙafa. Na matsa na duba takardar. Ɗige-ɗige ne suna hawa suna sauka tsakanin layuka, sai wani wuri da aka zagaye da ja aka yi rubutu a gefe. Na roƙi tafinta ya tambaye ta. Ta ce ranar ɗigo bakwai ne suka yi ta hawa a jere. Babu wanda ya fita iyaka, babu sanda ko ɗaya da ta lalace, amma ta tsayar da injin ta kira shugaban sashe, suka tarar bututun ruwan da ke sanyaya wuƙa ya fara toshewa. Na ce a tambayar mini ita, ba ta ji tsoron a ce ta ɓata lokaci ba? Ta ɗan dube ni, sannan ta ce abin da za a yi mata faɗa a kai shi ne ta gani ta yi shiru.

Ta kuma ce ba ta taɓa saitin inji don kawai awo ɗaya ya ɗan hau. Mai murɗa inji bayan kowane awo, yanzu sama an jima ƙasa, da hannunsa yake ƙara bambancin, kamar mai girkin da duk ɗanɗanawa sai ta ƙara gishiri, ta ƙara ruwa, ta sake ƙara gishiri, har miyar ta tashi daga miya. Sanin lokacin da za ka ɗauke hannu yana cikin aikin, kuma takardar ce ke gaya maka.

Ta yaya ilimin da ya fito daga ɗakin binciken masana ya sauko har hannun wannan baiwar Allah? Amsar ita ce abin da na fi sha'awa a duk tafiyar. Tun daga 1956 aka riƙa koyar da kula da inganci ta rediyo, musamman don shugabannin ma'aikata, mutum ya sayi ɗan littafinsa ya zauna gaban akwati yana bi. A 1960 aka ware Nuwamba ya zama watan inganci, har yau ana yi. A 1962 Farfesa Kaoru Ishikawa na Jami'ar Tokiyo da abokan aikinsa suka fara buga wata mujalla mai araha don ma'aikatan ƙasa, suka ce a riƙa haɗuwa mutum kaɗan-kaɗan, a karanta tare, a ɗauki matsala ɗaya ta wurin aiki a warware. Ishikawa ya tace ilimin har ya rage dabaru bakwai da duk mai iya ƙirga zai riƙe. A cikinsu akwai takardar da kake jan kara ɗaya duk lokacin da aibi ya fito, kowane iri da gidansa. In ta cika sai ka jera aibobin daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma kusan kullum za ka tarar biyu ko uku ne ke cinye mafi yawan asarar. Sannan ga zanen ƙashin kifi: a rubuta matsala a kai, a rataya dalilai a ƙayoyi, na mutum daban, na inji daban, na kaya, na hanyar aiki. Mu da rediyo ya zama mana abokin zama, a gona da tasha da zaure, mun koyi takin zamani da rigakafi da siyasar duniya ta cikinsa. Ban ga abin da zai hana Rediyon Rima ko takwarorinsa su ware wa masu sana'a rabin awa a mako don wannan ba.

Kada a ɗauka mutanen Japan da wannan ilimi aka haife su. A ƙarshen shekarun 1950 Toyota ta kai motarta Crown Amurka, motar ta kasa jure gudun manyan titunan can, tana zafi tana kakkarwa, tilas aka dakatar da kai ta. A 1961 kamfanin ya shigar da kula da inganci kowane sashe, a 1965 ya ci lambar Deming. Hilux ta fito a 1968, bayan an sha wannan darasi.

Ranar Juma'a mun yi salla a masallacin Nagoya da ke unguwar Nakamura, wani siririn bene da aka buɗe a 1998. 'Yan Pakistan da Indonesiya da Sirilanka ne suka fi yawa, da dama a cikinsu dillalan tsofaffin motoci. Ɗaya ya nuna mini takardar gwanjon mota a wayarsa. An zana motar a baje, duk inda aka ƙarce ko ya lotsa an sa harafi da lamba, an ba motar maki a sama. Ya ce da wannan takarda mutum a Mombasa ko Karachi yake biyan kuɗin motar da bai taɓa gani ba. Na tuna yadda a wurinmu sai an kwance buhu an zazzage har gindi kafin a yi ciniki, da wuni nawa ke tafiya a haka.

Ban ce mutanen Japan mala'iku ne ba. A watan Oktoba na 2017 kamfanin Kobe Steel ya amsa cewa an daɗe ana sauya alƙaluman gwajin wasu kayansa, har shugabansa ya sauka. A ƙarshen 2023 Daihatsu, wanda ke ƙarƙashin Toyota, ya dakatar da fitar da motocinsa bayan an gano maguɗi a gwaje-gwaje. Malaminmu da kansa ya kawo mana labarin, kunya a fuskarsa. Ya ce duk inda aka mayar da adadi bulalar dukan ma'aikaci, ma'aikaci zai gyara adadin ya bar aikin.

A gida, wuraren da ke kusa da mu da ake irin wannan awo su ne kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda ya fara aiki a 1967, yanzu yana hannun BUA, da kuma na Malbaza a hayin iyaka. Siminti ba ya yiwuwa da ka: ana ɗibar samfur a kwaɓa, a jira kwana 28, a matse shi a inji a ga ƙarfinsa, kuma daga nan lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ta samo asali. Amma da buhun nan mai kilo 50 ya iso wurin mai buga bulo, awo ya ƙare, sai baro da ido da yadda kasuwa ta kama. Albasa ma haka. Ta Galmi har rajistar sunanta aka yi a 2021, tamu ta Kalmalo ma ba ta jin kunyar kasuwa, amma buhu ne kowa da irin hular da yake ɗinka masa, kuma da wuya ka samu manomin da ya rubuta nawa ya zuba a rudu, nawa ya kwashe da kyau.

Fata ce ta fi tsaya mini, don a cikinta na tashi. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can take bi bayan ta ƙetare Sahara. Kawuna dillalinta ne, ya tsufa a kasuwar Illela. Zai ɗaga fata ya duba ta a hasken rana, ya shafa bayanta, ya ce ta ɗaya ce ko ta uku, kuma da wuya majemun Kano, a Challawa ko Sharaɗa, su ƙaryata shi. Na ba shi labarin matar Kariya, ya saurara har na kai aya.

"Ɗana, wanga abu ai mun san shi," in ji shi. "Na san mai fiɗar da wuƙatai ka cin fata, na san watan da ƙuraje ka yawa."

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Amma ranar da ka huta da fitowa kasuwa, wa zai sani? Shi mai fiɗar ma, ya san fata nawa yake ɓatawa cikin ɗari?"

Bai amsa ba a ranar. Da kasuwa ta zagayo sai na ga yaronsa da littafin makaranta, an ja masa gidaje: yankan wuƙa, tabon cuta, ruɓa saboda jinkirin gishiri, ƙarcen ƙaya, kowane mai fiɗa da shafinsa. Sai dai Kawu ya kawo maganar da ta fi tawa nauyi. Ya ce mai fiɗa da kai ake biyan sa, saurinsa shi ne abincinsa, in ya sassauta wuƙa don fata ta fita lafiya, wa zai biya shi lokacin? Na gaya masa abin da mai masana'antar Kariya ya faɗa mana, cewa masu sayen kayansa sun yi shekara da shekaru tare da shi, sukan aiko injiniyoyinsu su taya shi gyara, kuma ba sa tsayawa duba kowace sanda in ta iso, takardar da ke jikin injin ta ishe su shaida. Kawu ya jinjina kai ya ce to ai nan gizo ke saƙa. Ya ce in littafin ya cika wata uku zai tafi da shi Kano da kansa, ya ajiye gaban mai sayensa, ya nemi a raba farashin fatar da wuƙa ba ta taɓa ba da na sauran, shi kuma ya kai wa masu fiɗa rabin ƙarin.